Ban ƙware a iyo ba, maiɗakina ma haka: mu shiga yawon tsibirai a jirgi mai gudu?

Wani ɗan'uwa ya rubuto mini cewa shi da maiɗakinsa za su je Tailan a watan Agusta, za su yi kwana huɗu a tsibirin Phuket da ke kudancin ƙasar. Ya ce duk inda ya duba sai ya ga ana tallan yawon yini guda zuwa tsibiran Phi Phi a ƙaramin jirgin ruwa mai gudu, ana tsayawa nan da can ana iyo. Shi dai ya taɓa iyo a rafin garinsu yana yaro, ita kuwa ba ta taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarta ba. Tambayarsa ita ce: su je ko su haƙura? In kuma za su je, me ya kamata su sani?

Ɗan'uwa, Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Na yi shekaru ina raka baƙi a wannan hanyar, na kuma samu horo kan ceton mutane a ruwa, don haka abin da zan faɗa maka shi ne abin da zan faɗa wa ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya.

Rashin iya iyo ba zai hana ku tafiya ba. Kusan kullum a cikin jirgin akwai waɗanda ba su iya ba, kuma su ne sukan dawo da fara'a fiye da kowa, matuƙar sun faɗi gaskiya tun a bakin ruwa. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin saƙonka shi ne watan da ka ambata.

Tekun da ke wannan gefen na Tailan, wato tekun Andaman, yanayi biyu gare shi. Daga Nuwamba zuwa Afrilu yakan kwanta luf, ruwan ya yi garau har ka hango yashin ƙasa daga cikin jirgi. Daga Mayu zuwa Oktoba kuwa damina ce, iska na kaɗowa daga kudu maso yamma, ta ratso teku mai faɗi babu abin da ya tare ta, ta taso da raƙuman ruwa. Agusta na tsakiyar wannan lokacin. Ba wai kullum ake hadari ba. Akwai ranakun da za ka tashi ka ga gari tas, teku lafiya lau. Amma ba wanda zai iya yi maka alkawarin irin wannan ranar tun kana gida. Saboda haka kada ka biya kuɗin yawon nan tun kafin ka tashi daga Najeriya. Ka bari sai ka isa, ka duba hasashen yanayi da daddare, ka sake dubawa da asuba. Hukumar kula da yanayi ta ƙasar takan fitar da gargaɗi, kuma idan raƙuman ruwa suka haura mita 2 sukan ce ƙananan jirage su zauna a gaɓa. In ka ji wannan sanarwar, magana ta ƙare, ko da mai sayar da tikiti ya rantse maka cewa jirginsa zai iya. A ranar 5 ga Yulin 2018 wani jirgin 'yan yawon buɗe ido mai suna Phoenix ya kife a kusa da Phuket cikin guguwa, mutum 47 suka rasu, dukkansu baƙi daga ƙasar Sin. Jirgi ne babba mai hawa biyu, ya fi wanda za ku shiga girma nesa ba kusa ba, kuma an yi gargaɗin yanayi kafin ranar.

Kwana huɗu kuna da su. Ku ware biyu ko uku a matsayin ranakun da za a iya tafiya, ku ɗauki wadda teku ya fi kwanciya a cikinta.

Yanzu jirgin kansa. Mutane kan ɗauka haɗarin yana wurin iyo ne kaɗai, alhali raunin da na fi gani da idona a cikin jirgi yake faruwa. Tsakanin Phuket da Phi Phi tafiyar kusan kilomita 45 ce. Babban jirgin fito da ke tashi daga tashar Rassada yakan yi kimanin awa biyu, shi kuwa mai gudu, da injinansa biyu ko uku a baya, kusan awa ɗaya. Wannan saurin yana da farashi. Idan akwai igiyar ruwa, goshin jirgin yakan ɗaga sama ya faɗo da ƙarfi, ya sake ɗagawa ya sake faɗowa, haka har a isa. Wanda ya zauna a gaba, inda babu rumfa, inda kowa ke rububin zama don iska da hoto, shi ke karɓar dukan gaba ɗaya a gadon bayansa. Jikinsa yakan tashi daga kujera, sa'annan kujerar ta taso ta tarye shi yana saukowa. Na taɓa kasancewa a jirgin wani kamfani da ba zan ambata ba, ranar da bai kamata a fita ba aka fita, matuƙin kuma ya ƙi rage gudu don yana so ya cika lokaci. Wata mata da ke zaune a can gaba ta yi ƙara sau ɗaya, daga nan ba ta ƙara iya miƙewa ba. A asibiti aka ga ƙashin bayanta ya tsage. Tun daga ranar ban sake barin baƙona ya zauna a gaba ba idan akwai ko da 'yar igiya.

Ku zauna daga tsakiya zuwa baya. Akwai ƙarar inji a can, wani lokaci da warin fetur, amma nan ne jirgin ya fi zama daram. Ku kafa ƙafafu a ƙasa, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, hannu a kan ƙarfen riƙewa. Kuma zan yi maka wata tambaya da sai dai kai da iyalinka ku amsa a tsakaninku: in akwai juna biyu, ko da na wata ɗaya ne, kada ta hau wannan jirgin. Kamfanonin kirki ma ba sa karɓar mai ciki. Haka mai ciwon baya, mai ciwon zuciya, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan. Irin waɗannan sai su bi babban jirgin fito, su sauka a Phi Phi Don, babban tsibirin da ke da gari, in ya so su ɗauki ɗan kwale-kwalen katako na mutanen wurin su zaga kusa-kusa.

Maganar jiri da amai ba ta da tsawo. Ku karya kumallo da abu mara maiƙo, kada ku fita da yunwa, kada kuma ku cika ciki. Akwai ƙwayar hana tashin zuciya da akan raba a tashar jirgi. Tana aiki ne idan an sha ta rabin awa zuwa awa ɗaya kafin a tashi, kuma tana sa barci, don haka mai shan wani magani ya tambayi likitansa tukuna. A cikin jirgi ku riƙa kallon nesa, inda sama ta haɗu da ruwa. Waya a aljihu. Citta ma tana taimaka wa wasu.

Wurin da hotonsa ya fi yawa a tallan da ka gani shi ne Maya Bay, a tsibirin Phi Phi Leh: farin yashi, duwatsu masu tsayi sun kewaye shi ta gefe uku. Ya yi suna ne bayan fim ɗin The Beach na shekarar 2000, har ta kai dubban mutane na sauka a wannan ɗan wurin a kowace rana, jirage na jefa anga a kan murjani, wato halittar nan mai kama da dutse da ke girma a ƙarƙashin teku, suna farfasa shi. A watan Yunin 2018 gwamnati ta rufe shi, ba a sake buɗewa ba sai Janairun 2022. Yanzu jirgi ba ya shiga ta gaba. Ana sauka ne ta bayan tsibirin a kan wata gada mai yawo a ruwa, a taka ta katako zuwa bakin yashin. An hana iyo a wurin, iyakarka ka tsoma ƙafa. Ƙananan kifayen shak masu baƙin tsini a fiffike sun dawo suna haihuwa a wurin, kuma ni a ganina wannan dokar na cikin mafi kyawun abin da aka yi wa yankin. Amma abin da ya shafe ka shi ne, a 'yan shekarun nan akan sake rufe wurin a watannin Agusta da Satumba don ya huta. Wato akwai yiwuwar ba za ku taka shi ba sam. Ka tambayi mai sayar da tikiti wannan kai tsaye kafin ka ba da kuɗi. In ya yi maka hanya-hanya, ka nemi wani.

Inda za a ce muku "ku sauka ku yi iyo" shi ne Pileh, wani lungun ruwa a wannan tsibirin, duwatsu sun rufe shi kamar ɗaki, ruwan kore shar, shiru babu igiya. A nan nake so ka ba ni hankalinka, domin babu gaɓa a wurin. Daga jirgi ake sauka, kuma a inda jirage suka saba tsayawa ƙafarka ba za ta taɓa ƙasa ba. Tsabtar ruwan tana yaudara. Kana hango ƙasa sai ka ɗauka kusa take.

Ban damu da maiɗakinka kamar yadda na damu da kai ba. Wadda ta san ba ta iya ba za ta ɗaure rigar kariya tamau, ta riƙe igiya, ba abin da zai same ta da yardar Allah. Mai ɗan guntun sani shi ne abin tsoro. Na taɓa raka wani bawan Allah, magidanci mai ƙarfin jiki, wanda ya ce mini ai shi a bakin kogi ya girma. Da ya ga yara ƙanana na Turawa suna tsalle cikin ruwa babu riga, sai kunya ta kama shi, ya cire tasa ya ajiye a kan kujera ba tare da na lura ba. Bai yi nisan taku goma daga jirgi ba ruwan gishiri ya shiga masa hanci, ya nemi ƙasa da ƙafa bai samu ba. Abin da na gani shi ne kansa a tanƙware baya, baki a buɗe daidai saman ruwa, idanu a zare, hannuwa suna danna ruwa ƙasa kamar mai hawa tsani. Bai yi ihu ba. Bai ɗaga hannu ba. Mutane na kewaye da shi suna dariya suna ɗaukar hoto, ba wanda ya gane. Haka nitsewa take a zahiri: mai nitsewa ba shi da numfashin da zai kashe wajen kira. Na tura masa taya mai yawo ya rungume, muka ja shi. Da ya huce, ya ce mini rabonsa da shiga ruwa shekara ashirin da wani abu.

Iyon rafi na ƙuruciya daban, wannan daban. A rafi ka san inda tudu yake, in ka gaji ka miƙe tsaye. A nan babu wurin tsayawa. Gaskiya ne ruwan teku ya fi ɗaga mutum saboda gishirinsa, amma wannan ba ya amfanar wanda ya firgita. Saboda haka tun a tasha ka je wurin jagoran tafiyar ka ce masa, a gaban kowa in ta kama, ku biyu ba ku iya iyo ba. Ka haɗa da kanka. Jagora nagari zai sa muku ido, sau da yawa ma zai shiga ruwan da ku yana jan ku da taya.

Ita rigar kariyar sai an ɗaura ta daidai take aiki. Ka zaɓi wadda ta yi daidai da jikinka, ka ɗaure duk maɗauranta, ka ja su har sai ta kama ƙirji. Sa'annan ka ɗaga hannuwa sama, maiɗakinka ta kama kafaɗun rigar ta ja sama. In ta haura har kunnuwanka, ta yi maka yawa, a ruwa za ta taso ta rufe maka fuska. In tana da maɗaurin da ke bi ta tsakanin ƙafafu, kada ka ƙyale shi. Wadda ta yage ko maƙullinta ya karye, a canza maka. Ku sa ta tun jirgi bai tashi ba, ba sai an zo wurin iyo ba.

Ga maiɗakinka akwai maganar sutura, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Kada ta shiga ruwa da doguwar riga mai faɗi, ko zani, ko babban hijabi. Yadi in ya sha ruwa yakan yi nauyi, ya nannaɗe ƙafafu, ya taso ya rufe fuska, yana kuma iya maƙalewa a tsani. Akwai kayan iyo na mata masu rufe jiki duka, riga mai dogon hannu da wando da hular kai mai kama wuya, ana samunsu a Phuket ba wahala, domin Musulmi na da yawa a kudancin ƙasar. Ta sa su tun daga masauki a ƙarƙashin abayarta, ta tafi da babban tawul ko mayafi na rufawa in ta fito. Ba wanda zai kalle ta. Ma'aikatan jiragen da yawa Musulmi ne, sun saba.

Tsanin sauka da hawa yana bayan jirgi, dab da injina. Kada ɗayanku ya kusanci wurin sai ya tabbata an kashe inji, domin farfela ba ta san kowa ba. Haka kuma kada ku bi ta bayan wani jirgin da ke kusa. A irin waɗannan wuraren jirage sukan yi cunkoso, wani na shigowa wani na fita, kuma kan mutum a cikin ruwa ƙaramin abu ne a idon matuƙi.

Za a ba ku tabarau na ruwa da bututun numfashi don kallon kifi. Ina so ku gwada, don abin da ke ƙarƙashin ruwan nan ya cancanci a gani: kifaye masu ratsin rawaya da baƙi suna wucewa ta gaban fuskarka garke-garke, wasu shuɗɗa masu baki kamar na aku suna gwaguyar murjani har kana jin ƙarar. Sai dai kada karon farko ya zama a wuri mai zurfi. Ku bari sai an sauke ku a tsibirin da ke da yashi, irin Bamboo ko Khai, ku tsaya inda ruwa ya kai ƙugu, ku sunkuya ku sa fuska, ku yi numfashi ta baki a hankali har jiki ya saba. In ruwa ya shiga bututun, ɗaga kai kawai za ka yi ka cire shi daga baki. Ba a yin wannan mutum ɗaya. Kai ka kalla ita tana tsaye kusa, sa'annan ku canza.

Sauran abubuwan zan bi ta kansu da sauri. Akwai bakin ruwan da birai suka mamaye, akan tsaya a wurin. Kada ku ba su abinci, haramun ne a dokar wurin, kuma kada ku riƙe leda ko kwalba a hannu. Suna cizo, kuma cizon biri na nufin zuwa asibiti a fara allurar ciwon haukan kare a ranar, bayan an wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa. A tsakanin duwatsu akwai wata halitta baƙa mai dogayen ƙayoyi kamar bushiya. In aka taka ta ƙayar takan karye a cikin nama, don haka takalmin roba na ruwa yana da amfani. Akwai kuma wata mai kama da farar leda tana yawo a ruwa, mai zaren da ke harbi. In ta taɓa mutum ruwan khal ake zubawa, ba a murza wurin, kuma in numfashi ya fara wuya asibiti ake nufa nan take. Kada ku taka murjani, kada ku ɗauko ko ɓallinsa, kada ku jefa wa kifi burodi. Yankin gandun gwamnati ne, ana karɓar kuɗin shiga daga baƙi, baht 400 (baht shi ne kuɗin Tailan) ga babba, sai ka tambaya ko yana cikin kuɗin tikitinka. Tun 2021 an hana shafa man kariya daga rana mai ɗauke da wasu sinadarai masu kashe murjani a irin waɗannan wuraren, tarar tana iya kaiwa baht 100,000. Kada kuma ka ce baƙar fata ba ta ƙonewa. Na ga 'yan'uwanmu da kafaɗunsu suka saɓule bayan kwana biyu. Riga mai dogon hannu ta fi kowane mai, ga ruwan sha a kai a kai.

Abincin rana galibi a Phi Phi Don ake ci, tsibirin da mutane ke zaune. Mafi yawan 'yan asalin wurin Musulmi ne, akwai masallaci, kuma samun abincin halal ba wuya, amma ka faɗa tun lokacin sayen tikiti. Lokacin da ake bayarwa gajere ne, don haka ka yi alwala da wuri, ka gaya wa jagora za ka je salla, ka tambaye shi ƙarfe nawa jirgi zai tashi. Kana tafiya cikin garin za ka ga alluna masu nuna hanyar gudu zuwa tudu. Garin yana kan wani siririn yashi ne tsakanin gaɓa biyu, kuma a ranar 26 ga Disamban 2004 ambaliyar tsunami ta shigo masa ta ɓangarorin biyu, ta hallaka mutane da yawa. Ka lura da allunan. In ka taɓa ganin teku ya janye da sauri ba bisa al'ada ba, tudu ake nema, ba a tsayawa kallo.

A bakin ruwan Phuket kansa, wuraren Patong da Karon da Kata, a wannan watan za ka ga jajayen tutoci a kafe. Ma'anarsu kada a shiga. Akwai wata igiya da ke ja zuwa cikin teku, tana cin rayuka a duk damina, har da na gwanayen iyo. Ku biyu ku tsaya a yashi.

Wajen zaɓen kamfani, kada arha ta ja ka. Ka tambayi mutum nawa suke ɗauka a jirgi ɗaya, ko akwai inshora, da abin da suke yi idan yanayi ya ɓaci: mayar da kuɗi ko canza rana. Wanda ya ce shi ba ya fasa tafiya ko ana ha-maza-ha-mata, ka guje shi. Ka yi inshorar tafiya taka ta kanka tun daga gida. Ka ajiye lambobi biyu a waya: 1155 ta 'yan sandan masu yawon buɗe ido, 1669 ta motar asibiti. Wayar da fasfo kuma su shiga jakar da ruwa ba ya ratsawa.

Da ni ne a matsayinka, da mata wadda ba ta taɓa shiga teku ba, a watan Agusta, zan fara ne da yawon mashigin tekun Phang Nga, arewa maso gabashin Phuket. Wurin a kewaye yake, tsibirin Phuket kansa ya tare masa iskar damina, ruwan ya fi kwanciya sosai. Ruwansa bai kai na Phi Phi tsabta ba, amma duwatsun da suka tsaya cak a tsakiyar ruwa ba su da na biyu, ana shiga kogunan dutse a ƙaramin kwale-kwale wani na tuƙa ku, kuma akan ci abincin rana a Ko Panyi, ƙauyen masunta Musulmi da aka gina a kan turaku bisa ruwa, da masallacinsu mai kubba ruwan zinariya da filin ƙwallon yara mai yawo a teku. In kun ji daɗin wannan, kuma washegari hasashe ya nuna teku a kwance, sai ku yi Phi Phi, ku ɗauki jirgin da ke tashi da sassafe kafin cunkoso. A hanyar dawowa da la'asar iska takan ƙaru, kowa ya gaji, wasu sun cire rigunansu sun yi matashi da su. Ku bar naku a jiki har sai ƙafarku ta taka gadar tasha.